Darasin Wannan Wata: Wanki A Ranar Wahala

Mun san wani zai ga kan wannan darasi ya yi dariya, ya ce, "To, malaman gona sun rasa abin koyarwa, yau kuma wanki za su koya wa matanmu?" Yana da gaskiyarsa. Daga Karaye har Rogo babu macen da za mu koya wa cuɗa riga, gama yarinya 'yar shekara bakwai ma ta iya. Injin wanki kuwa, yawancinmu sai a birni muka taɓa ganinsa. Amma wankin da muka iya na ranar lafiya ne, watau ranar da ruwa yake cikin rijiya, sabulu yake a kanti, kowa a gida kuma yana lafiya lau. Darasin nan a kan wankin ɗaya ranar ne: ranar da ruwa ya yanke, ko ambaliya ta shiga ɗaki, ko wani ya kwanta da amai da gudawa. A irin wannan rana wanki yakan ceci gida, yakan kuma kashe unguwa. Abin da ya raba su shi ne inda aka yi wankin, da abin da aka yi shi da shi, da inda aka zubar da ruwan.

Kada wani ya ce mu ba ruwanmu da lantarki. Ba da lantarki muke wanki ba, gaskiya ne, amma a garuruwa da yawa yanzu lantarki ko inji ne yake hawo mana da ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tada inji ya zama abin lissafi. A watan Oktoba na 2024 kuma manyan layukan wuta da suke kawo wa Arewa lantarki suka lalace, Kano da jihohin da suke kewaye da ita suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ya saba tara bokiti a famfo, sai ga shi yana neman tsohuwar rijiyar da aka bari ba murfi, ko yana bin hanyar rafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu fafe namu tun yanzu.

Ruwa tukuna

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da wani littafi da suke aiki da shi mai suna Sphere. A cikinsa an ƙayyade cewa a lokacin masifa kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, domin sha da girki da tsabta. Gidan da yake da mutum 8 zai bukaci lita 120 ke nan, watau kusan jarka 5 irin mai cin lita 25. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, ba na walwala ba. In ruwan sha da na tuwo sun fita daga ciki, abin da ya rage wa wanki kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka tilas ruwa ɗaya ya yi aiki biyu ko uku.

Ga yadda muka ga mata masu dabara suna yi, muna kuma so kowa ya ɗauka. A kakkaɓe kaya sosai tukuna, gama rabin dattin rigar gona ƙura ce, ƙura kuwa ba ta bukatar sabulu. A jiƙa kayan tun da dare cikin ɗan ruwa da ɗan sabulu, da safe datti ya riga ya saki, cuɗa kaɗan ta isa. A jera baho uku, ɗaya na wanki, biyu na ɗauraya. A fara da fararen kaya da waɗanda ba su yi datti sosai ba, sa'an nan atamfa da kayan makaranta, kayan gona su zo daga ƙarshe. In ruwan bahon farko ya mutu, sai na ɗaurayar farko ya zama na wanki, na biyu ya matso, a zuba sabo a na uku kaɗai. A matse kowace riga da kyau kafin ta bar baho zuwa baho, domin kada ta kwashi kumfa ta kai gaba. Ruwan da ya mutu a wanke dandamalin masai da shi, ko a yayyafa a tsakar gida. Wannan duka ga kayan masu lafiya ne. Kayan majiyyaci suna da tasu doka, za mu zo kanta.

Akwai rijiyoyin da ruwansu ba ya kumfa, sai ka ga sabulu yana narkewa a banza. Ruwan sama ba haka yake ba, sabulu kaɗan yake ci. Duk mai rufin kwano ya sa indararo da duro. A bar ruwan farko ya wanke kwanon ya zube, sa'an nan a tara, a kuma rufe duron saboda sauro. In kuwa ruwan da aka samo jajawur ne da laka, a jefa ɗan alif, wanda waɗansu suke kira alam, ko a daka busassun 'ya'yan zogale, ƙwaya ɗaya ko biyu ga kowace lita, a dama a zuba a motsa, a bar shi sa'a ɗaya ko biyu. Laka za ta kwanta, a tsiyaye na sama. Sai dai a tuna, ruwa ya yi garau ba shi ne ya rabu da cuta ba. Ya isa wanki, bai isa sha ba sai an tafasa.

Sabulu, da abin da yake tsaya masa

Littafin nan da muka ambata ya ba kowane mutum giram 200 na sabulun wanki da giram 250 na sabulun wanka a wata. Gida mai mutum 8 zai ci giram 1,600 na sabulun wanki a wata, kusan kilo 5 ke nan a wata uku. Mun kawo wata uku ne domin Yuli da Agusta da Satumba su ne watannin da kuɗi suke ƙarewa a hannun manomi, taki ya cinye su, sabon hatsi bai shigo ba, su ne kuma watannin ambaliya da amai da gudawa. Ranar da aka fi bukatar sabulu ita ce ranar da babu kuɗin sayensa. Don haka lokacin sayen sabulun damina shi ne kaka, sa'ad da aka sayar da masara. Sabulun sanda ba ya lalacewa. A yanka shi gunduwa gunduwa a ajiye inda iska take shiga, in ya bushe ya yi tauri ma ya fi daɗewa a hannu. Omo kuwa yakan sha danshi ya dunƙule, sai a cikin roba mai murfi.

In sabulu ya ƙare ƙaf, kakanninmu ba su zauna da datti ba. Toka tana nan a kowane murhu. A tankaɗe mudu ɗaya na farar tokar itace ko ta kara, wadda ba a ƙona leda ko roba a cikinta ba, a zuba a bokitin ruwa, a motsa, a bar ta ta kwana. Da safe a tsiyaye ruwan sama ta cikin tsumma. In ka taɓa ka ji yana santsi tsakanin yatsu, to ya yi. Ruwan toka yana cin maiƙo da gumi, shi ne ma uwar sabulun salo. Amma yana da kaifi. A sirka shi da ruwa, kada a daɗe da hannu a ciki, a kiyaye ido, kada a zuba shi a tukunyar dalma gama yana cinta, a kuma ɗauraye kayan sosai, balle na jariri. Ɓawon aduwa da saiwarta su ma suna kumfa in an daddaka an jiƙa. Tsofaffin mata da suka san waɗannan abubuwa suna ƙarewa a cikinmu. Muna roƙon zumuntar mata ta kowace majami'a ta ware rana guda, a zaunar da iyayen nan su nuna wa 'yan mata da hannunsu, tun suna da rai.

Bakin dam da bakin rafi

Allah ya ba ƙasarmu ruwa. Madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye tana cikin manya a Jihar Kano, ga kuma ta Kusalla. Mutanen Turawa da ƙauyukan gefen ruwa sun san amfaninta wajen kifi da noman rani. A ƙasar Rogo kuma ga fadamu da rafuka. In famfo ya tsaya, abu mafi sauƙi shi ne mace ta ɗauki kaya a ka, yara su bi ta, ta tsaya cikin ruwa har ƙwauri ta yi wankinta, yara kuma su yi ta iyo. Nan ne tsargiya take jira.

Mutane da yawa har yanzu suna ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara girma. Ba haka ba ne, cuta ce. Wata tsutsa ce ƙarama wadda ido ba ya gani. Mai ciwon yakan yi fitsari cikin ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi da suke maƙale a ciyawar bakin ruwa, su yi yawa a ciki, su fito suna neman fatar mutum. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga, sun kuma fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da ake son wanki saboda shanya. In ciwon ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda, a jikin mace kuma yakan taɓa mahaifa. Akwai maganinsa a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu, amma wanda ya sha magani ya koma cikin ruwan zai sake ɗauka.

Abin farin ciki shi ne tsutsar nan ba ta da tsawon rai in ba ta sami mutum ba. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, ta mutu a ciki. Saboda haka dokar ita ce: a kai ruwa wurin wanki, kada a kai wanki wurin ruwa. A ɗebo da guga mai igiya ko a tsaya bisa dutse, da sassafe in ya yiwu, a zuba a duro, jibi a yi wanki. A nan ne maganar ta komo kanmu maza. Mace ba za ta iya jidar jarka biyar a ka ba bayan aikin gida. Mai amalanke da mai babur da mai jaki su ne za su yi wannan. Namijin da ya ce ɗiban ruwa aikin mata ne, shi ne zai biya kuɗin asibiti.

Bari mu ɗan ratse mu ba ku wani labari, gama ya shafi wanki. A 1964 wani masani ɗan ƙasar Habasha mai suna Aklilu Lemma yana bincike a wani rafi kusa da garin Adwa. Sai ya lura cewa ƙasa da inda mata suke wanki dodon koɗi duk sun mutu, sama da wurin kuwa suna nan da rai. Da ya bincika, ashe matan da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa suke wanki, wanda suke kira endod. Ya yi shekaru yana aiki a kan wannan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 1989. Tun a 1933 ma wani likita a Sudan ya rubuta cewa 'ya'yan aduwa suna kashe dodon koɗin nan. Kada dai wani ya ji haka ya tafi ya zuba aduwa a dam. Abin da yake kashe dodon koɗi yana kashe kifi, masunta kuwa maƙwabtanmu ne. Mun kawo labarin ne domin mu ga cewa ruwan wanki ba ya tsayawa inda aka zuba shi. Yakan yi tafiya, ya yi aiki a gaba, mai kyau ko marar kyau.

Kayan mai amai da gudawa

Wannan shi ne zuciyar darasinmu, muna roƙo a karanta shi sau biyu a taro.

A 2021 cutar amai da gudawa, wadda ake kira kwalara, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu. Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Kowa ya ji ana cewa a tafasa ruwa, a wanke hannu. Amma ba safai ake maganar zanen da majiyyaci ya ɓata ba, da wadda za ta wanke shi, da inda za ta wanke.

A 1854 cutar nan ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan ta ƙasar Ingila. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu, kafin ta lafa an ƙirga 616. A lokacin mutane suna tsammani wari ne yake kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida, ya ga yawancin mamatan daga famfo ɗaya suke shan ruwa, a titin da ake kira Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Amma me ya ɓata rijiyar? Wani matashin mai hidimar ikilisiya a unguwar, Henry Whitehead, da fari bai yarda da likitan ba, ya shiga bincike domin ya ƙaryata shi. Shi ne kuwa ya gano tushen abin. A gidan da yake dab da famfon wata jaririya ta kamu da gudawa kafin kowa. Uwarta ta riƙa jiƙa tsummokinta a bokiti, tana zuba ruwan a ramin ƙazanta da yake ƙofar gida. Da aka tona, aka tarar ginin ramin ya ruɓe, tsakaninsa da rijiyar kuma bai kai ƙafa uku ba. Uwar nan ba mugunta ta yi ba. Tsabta take yi wa 'yarta, kamar yadda kowace uwa za ta yi.

Yanzu kowa ya tuna da rijiyar unguwarsu. Ina ake wanki? A yawancin ƙauyukan da muke zagawa, a bakin rijiya ne, domin nan ruwa yake kusa. Ruwan wanki yakan kwanta a gindin rijiya, guga ta sauka a cikinsa, igiya ta ja shi, a sake jefa su ciki. A ranar lafiya abin ƙyama ne kawai. A ranar kwalara kuwa zane ɗaya ya isa.

To, in wani ya fara zawo mai ruwa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, abu na fari ba wanki ba ne. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ko a kaɗa na leda da ake sayarwa, a kuma kai shi asibiti nan da nan, gama cutar tana iya kashe babban mutum cikin yini guda. Sa'an nan a juyo kan kaya.

Mutum ɗaya ne zai yi wankin, ba yara ba, ba kuma wadda take girki ba in da hali. Ta sa safar hannu ta roba, in babu ta ɗaura leda a hannu biyu. Kayan majiyyaci, da zanen gado, da tsummokin da aka goge ƙasa, a tara su a baho ɗaya wanda ba za a yi wani aiki da shi ba. Kada a bar su su kwana a tsakar gida ƙuda yana bi. A fara kawar da ƙazantar da take jikinsu a zuba a masai. Daga nan akwai hanya biyu. Ta fari, a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma kayan, a riƙa juyawa da sanda minti 5 ruwan yana tafasa. Ta biyu, a jiƙa su minti 10 a ruwan Hypo ko Jik da aka sirka. A duba jikin kwalbar ko ledar: in an rubuta 3.5%, to gwangwani ɗaya nasa, gwangwani 16 na ruwa. Kowane irin gwangwani ya yi, muddin da shi aka auna duka biyu. Bayan haka ne za a wanke da sabulu kamar kullum, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Ruwan nan yakan kashe launin atamfa, mun sani, shi ya sa mai tsoron zanenta ta bi hanyar tafasawa. Tabarma a wanke ta da ruwan nan a baza a rana. Katifa kuwa ba ta wankuwa, sai a shimfiɗa mata babbar leda tun ciwon yana farawa.

A kula da Hypo. A sirka shi a roba, ba a ƙarfe ba. A haɗa sabo kowace rana, gama na jiya ya rasa ƙarfi. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke masai ko wani sinadari, yakan tada hayaƙi mai sarƙe numfashi. A ajiye shi a inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma a juye shi a gorar lemo. Domin wanke hannu ana sirka shi ƙwarai, ɗaya cikin 70, amma sabulu da ruwa mai zuba daga buta ma sun isa in an cuɗa da kyau har ƙarƙashin farce.

Saura ruwan wankin. Kada ya bi kwata, kada ya je lambu, kada a yayyafa shi a tsakar gida. A zuba shi a masai, ko a haƙa rami mai zurfin kamu biyu a zuba, a rufe da ƙasa. Ramin ya yi nisan mita 30 daga kowace rijiya, watau kamar taki 40 na babban mutum, ya kuma kasance ta gangare, ba ta tudun rijiya ba. Wannan aikin maigida ne da samarinsa, minti kaɗan ne da fartanya da shebur.

In kuwa rai ya yi halinsa, nan ne muka fi yin sake, domin baƙin ciki ya rufe ido. Akan kwashe kayan mamaci a kai rafi a wanke, waɗanda suka wanke su kuma su komo su sa hannu a tuwon masu zaman makoki. Kayan mamaci a bi da su daidai yadda muka faɗa. Waɗanda suka taɓa gawa ko kayanta kada su taɓa abinci ko randa a ranar. Dattawan ikilisiya su ne za su faɗi wannan da bakinsu, gama mai makoki ba zai iya hana 'yan'uwansa ba.

Waɗansu kayan da ba a haɗawa

Rigar feshi ita ce ta fari. Manomi yakan dawo daga feshin ciyawa ko na ƙwari, ya tuɓe ya jefa a kan tulin wanki, a cuɗa ta tare da rigar jariri. Guba ce, tana kuma shiga ta fata. Mai feshi ya ware riga da wando na wannan aiki kaɗai, ya wanke su da kansa a ranar, a bahonsu dabam, nesa da rijiya da rafi. Mace mai ciki ko mai goyo kada ta taɓa su.

In ambaliya ta sa mutane sun taru a makaranta ko majami'a, ƙazuwa da ƙwarƙwata sukan yaɗu da sauri. Ruwan zafi yana kashe su. Abin da ba ya tafasuwa a ƙulle shi cikin leda mako guda saboda ƙazuwa, gama ƙwaronta ba ya wuce kwana biyu ko uku in ba jikin mutum. Kayan da ruwan ambaliya ya jiƙa kuwa, a ɗauka ruwan masai ne ya taɓa su, gama haka ne, a wanke su kamar na majiyyaci. Gidan da yake a kwari ya ƙulle wa kowa riga ɗaya da zane ɗaya busassu, da sabulu guda, cikin leda mai kauri, a rataye a sama tun farkon Agusta.

Gidan sauro kuma akasin haka ne. Ba ya son Hypo, ba ya son ruwan zafi, ba ya son rana. A wanke shi a hankali da sabulun sanda, a shanya a inuwa. Maganin da yake jikinsa yana jure wanki kamar sau 20 ne, don haka kada a yawaita.

Shanya ma aiki ce. A ɗaura igiya, a daina baza kaya a ƙasa ko a kan dangar da awaki suke goga jiki. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa mai danshi da kan tufa mai laima a inuwa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Rana mai zafi da dutsen guga na gawayi suna maganinsa. Iyayenmu mata, ku gafarce mu da wannan: ƙyallen al'ada shi ma rana yake so. Wanda aka ɓoye a ƙarƙashin katifa da sauran danshi yakan jawo ƙaiƙayi da ciwo. A ɗaura wata igiya a bayan ɗaki, a rufa masa siririn mayafi in ana jin kunya.

Aikin ƙungiya

Gida ɗaya ba zai iya duka wannan ba, ƙungiya kuwa za ta iya. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki a sari, haka za mu sayi katan na sabulu da kaka, ma'aji ya riƙe, a ba mambobi a kan farashin sari da damina. Kowace ƙungiya ta ajiye babbar tukunya ɗaya, da baho biyu da aka yi musu alama da jan fenti, da safar hannu, da ledar shimfiɗa, domin aron duk gidan da ciwo ya shiga, ko na mamba ne ko ba na mamba ba. Hypo kuwa kada a tara da yawa, gama zafi yana rage masa ƙarfi, a sayi kaɗan a farkon damina a sabunta.

Babban aikin shi ne wurin wanki. Buhun siminti biyu ko uku da yashi da aikin gayya na yini guda sun isa a yi dandamali mai ɗan gangare, taki 40 daga rijiya, da kwata zuwa rami cike da duwatsu. In an yi shi a inuwar bishiya, aka kafa sanduna na igiyar shanya, mata da kansu za su bar bakin rijiya ba sai an kore su ba. Rijiya kuwa ba ta san Kirista ba, ba ta san Musulmi ba, guga ɗaya muke sha. Saboda haka kada ƙungiya ta yi wannan ita kaɗai. A je wurin mai unguwa ko dagaci, a gaya wa liman, a zaɓi wurin tare.

Kafin taro na gaba, muna so sakataren kowace ƙungiya, daga Yammedi da Kurugu har Zarewa da Fulatan da Beli, ya ɗauki mutum biyu, mace da namiji, su zaga rijiyoyin unguwarsu. Su auna da taki daga bakin kowace rijiya zuwa inda ake wanki, da zuwa masai mafi kusa, su rubuta a littafin ƙungiya. Ku zo da lissafin, ku zo kuma da mudun toka da bokiti, za mu haɗa ruwan toka tare mu gwada shi a kan rigar gona.